Wasiƙar Cindo daga Sawakin

Shekara bakwai ina bakin Bahar Maliya.
Guzurin Makka ya ƙare a Sinnar,
jakina ya kwanta a Shandi, bai tashi ba.
Na zama mai dakon ruwa a Sawakin,
garin da aka gina da ƙashin teku,
in ka jingina da bango ya ci maka riga.

Sai ga likitan jirgi, ja kamar gauta,
'yan tasha suka raɗa masa Abu Kwalba.
Bai tambayi hauren giwa ba, bai taya ƙaro ba,
ciyawa yake saye.
Na ce a raina: haukan mai kuɗi, tuwon talaka.

Na kai masa tumfafiya, ya rusuna mata.
Na kai aduwa, ya lasa, ya yamutsa fuska, ya rubuta.
Na kai filasko daga gindin duwatsu
inda Hadandawa ke kiwon raƙuma,
na ce masa kakata a Gobir
ba ta ba yaro shi sai da tsamiya,
in ba haka ba ciki ya murɗa har asuba.
Ya ce in sake faɗi. Na sake.
Alƙalaminsa na gudu kamar ƙadangare a rana.

Da dare yakan kwantar da ganye tsakanin takardu,
ya danne da dutse, kamar mai rufe gawa,
sannan ya kwafi wasiƙa ɗaya sau uku,
jirgi uku, hanya uku,
don teku, in ji shi, tana karɓar zakkarta.
Ɗaya ga mai sayar da magani a Jidda,
shi ya miƙa wa wani ɗan Hindu a Mukha,
daga nan sai iskar damina ta ga dama,
har ta isa hannun wani tsoho a ƙasar sanyi
wanda bai taɓa jin warin raƙumi ba
amma shi ke yanka wa itatuwa ragon suna.

Zazzaɓi bai jira amsa ba.
Mun binne Abu Kwalba bayan ma'ajin gishiri,
mu huɗu, da kyanwar da ke kwana a akwatinsa.

Damina biyu, sai ga takarda mai jan hatimi,
ta sha ruwa, ta bushe, ta sake sha.
Na kai wa tafinta, ya karanta da kuɗina.
Wai iri ya tsiro a cikin ɗakin gilashi.
Wai wata 'yar ciyawa da na tsinko a bakin rijiya
yanzu sunan likita take amsawa.
A can ƙasa, inda tawada ta fara gajiya:
"Tambayi baƙin mutumin nan naka,
tsamiya nawa, filasko nawa?"

To, tsoho, ga baƙin mutumin.
Sunana Cindo, yatsa shida a hannun dama,
na shidan ne ya fara taɓa ciyawar taka.
Filasko cikin tafi, tsamiya sili uku,
a jiƙa da magariba, kada a tafasa.
Mace mai ciki ba ta sha.
Ga ƙwallon aduwa bakwai na ɗinke a fata kamar laya,
ba ya son ruwa da yawa, kada ku kashe shi da gata.

Na rubuta da ajami, shi na iya.
Ku nemi mai karanta muku
yadda na nemi mai karanta mini.

Kwafi ɗaya ne, takarda ta yi tsada.
Gobe zan ba matuƙin da zai ƙetare da ni Jidda,
kuɗin ciyawa ya cika kuɗin jirgi.
In teku ta karɓe ta, ba komai,
kifi ma ya san sunana.