Dalma da Tsirkiya

Shagona yana bayan Dilimi,
tsakanin mai faci da mai walda.
Rediyo nake gyarawa, da fanka, da dutsen guga.
Wata Talata sai ga Chollom
da jita mai lantarki a saɓe,
ya shimfiɗe ta kan teburi a hankali,
kamar wanda ya kawo marar lafiya asibiti.
Ya ce, "Tasi'u, ta daina magana."

Na kwance bayanta. Waya ɗaya ce ta tsinke.
Na ɗiga dalma, hayaƙi ya murɗe sama.
Ya jona ta da lasifika, ya goga yatsa sau ɗaya,
kajin Maman Kaneng suka watse,
mai walda ya ɗaga baƙin tabarau ya leƙo.

Kiɗan ƙarfe ne, in ji shi, daga Finland.
Yayarsa ke aikin jinya a can,
inda rana kan leƙo lokacin sanyi
ta ga babu daɗi ta koma.
Ita ke turo masa ta waya:
maza masu gashi har gadon baya
suna ruri kamar janareta ya shaƙe,
can sai muryar mace ta ratso, siririya,
kamar ruwan Assop yana sauka kan dutse.

Ko kalma ɗaya ban tsinta ba.
Amma nauyin na san shi.
Kakana ya ƙare ƙarfinsa a ramin kuza a Bukuru,
ya bar mana tari da kududdufi kore.
In ya yi gyaran murya da asuba
haka ƙirjinsa ke amsawa.
Kuma dalmar nan da nake narkawa,
ai da kuza a cikinta.
Wa ya sani ko tasa ce ta zaga duniya ta dawo?

Yanzu duk Asabar shagona filin gardama ne.
Chollom baƙa yake so, mai tsirkiya bakwai,
a sassauta ta ƙasa ƙasa
har sukurori su yi rawa cikin gwangwani.
Nanret, ɗalibar jami'a, ta ce wannan gurnani ne kawai.
Tata ja ce, marar nauyi, tsirkiya shida,
da ɗan ƙarfe a gefe
wanda in ta danna, sautin ya tanƙware ya yi kuka.
"Taki mage ce aka taka wa wutsiya."
"Taka tirela ce a hawan Kibo."
Sai su juyo: Tasi'u, raba mu.

Me zan ce?
Na ga hanjin kowacce.
Maganaɗisu ne da zaren tagulla, iyakarsa ke nan.
Sauran yana ga itace, da hannu,
da abin da mutum ya kwana da shi bai faɗa ba.

Abin da ban gaya musu ba,
akwai wata a bayan ƙofa,
marar suna, tsagaggiyar wuya,
wani ya kawo gyara shekara huɗu bai dawo ba.
Ko ba a taɓa ta ba, in an jona, tana ɗan gunji.
Ita nake ɗauka in kasuwa ta tashi.
Yatsuna na sukudireba ne,
sauti uku na iya, su nake maimaitawa.

Jiya suna tsakiyar musu aka ɗauke wuta.
Baƙa da ja duk suka koma kukan sauro.
Muka yi tsit.
Sai hadari ya gangaro daga duwatsun Shere,
ƙanƙara ta fara dukan kwanon rufi,
da sauri, da sauri, babu numfashi.
Nanret ta rufe ido tana kaɗa kai.
Chollom ya ce, "Wannan mai gangar, a ina yake?"

Har yau bai biya ni kuɗin dalma ba.