San Abokin Hulɗarka

Litinin, ƙarfe tara, a bankinmu na Tawa,
na'urar sanyi na tari, layi ya kai bakin ƙofa,
ga Kawu Abarshi da buhun taki a hammata,
ya dire shi gaban gishena, bai ce uffan ba.

Warin albasa ya riga shi gaisuwa.
Jikka dubu takwas, ɗauri ɗauri da igiyar roba,
wasu sun sha gumi tun daga tashar Abijan.
Injin ƙirga ya tauna uku ya tofar,
bai saba da kuɗin da suka kwana a rana ba.

Kan takarda an rubuta: San abokin hulɗarka.
Na san shi.
Na san tabon lauje a babban yatsansa,
na san shekarar da ruwa ya ruɓar da rumbunsa
ya sai da amalanke ya biya mini kuɗin lakwal.
Gurbi goma sha biyu takardar ke da su,
ba a bar wa wannan sanin ko guda ba.

Gurbi na bakwai: asalin kuɗi.
Na sunkuyar da kai, na karanta masa kamar baƙo.
Ya ce, "Tsahara, ni kike tambaya?
Asalinsu rijiya ce gaba shida, da guga,
da wannan bayan nawa da ya daina miƙewa.
Rijiya ba ta ba da rasit, ɗiyata,
ban taɓa jin fadama ta buga hatimi ba."

Gurbi na tara: ainihin mai cin moriya.
Ya soma lanƙwasa yatsu,
marayun Nomau huɗu, da Inna, da mai ban ruwa,
yatsun suka ƙare, ya ce, "Har da ke."
Sunansa kaɗai na rubuta, layin bai ɗauki biyu ba.

Na tura shi ofishin ƙungiyar manoma neman shaida.
Ya saɓi buhunsa. Bai waiwayo ba.

Da azahar wani ya shigo, turare na gaba yana baya,
takardunsa cif, kowace da hatiminta,
kamfani mai dogon suna, ba shago, ba ma'aji.
Duk mako yakan zuba, kullum jikka ɗaya ƙasa da iyaka,
kamar wanda ya auna tsayin ƙofa da dare
ya san inda zai rusuna, kansa bai taɓa bugu ba.

A Yamai, wurin horo, sun ce wankin hawa uku ne:
a tsoma, a cuɗa har sawu ya ɓace,
a shanya su tsakar kasuwa da farar riga.
Ni da na san wanki a hannun Inna, bakin tabki,
ban zaci akwai dauɗar da ba ta wari ba.

Na cika rahoton zargi, na tura sama.
Doka ta ce kar fuskarki ta tsegunta masa,
sai na yi murmushi, na ce a sauka lafiya,
ya bar mini goro, ban taɓa shi ba.

Magariba, na kulle aljihun tebur,
na wanke hannu sau biyu da sabulun banki.
Kawu na can yana jiran sakataren da ya tafi jana'iza,
kansa bisa buhu, a inuwar bedi.
Na shinshina yatsuna a kan kabu-kabu,
albasar nan ba ta fita ba.