Wasiƙar Jakara

Kafin ladanin Fagge ya sauko,
kafin mai shayi ya hura wuta,
ina kan gadar Jakara da guga,
da safar hannu, da takalmin roba,
ina jiran Kano ta gama wankewa.

Sunana Barau, ɗan Ƙofar Mazugal,
shekara tara ke nan ina wannan aiki.
Yaran layinmu Sarkin Kwatami suke ce min.
Tasalla, matata, ba ta taɓa rigata
sai ta kwana biyu a igiya tana bushewa.

Ku da kuke toshe hanci ku wuce,
wasiƙa ce kuke tsallakewa.
Zazzaɓin da aka ce wa maƙwabta sanyi ne,
cikin yaron da ya ɓaci daren jiya,
gidan da aka ja ƙyaure ran da masu allura suka zo,
duk nan suke gangarowa.
Mutum kan yi wa likita ƙarya,
ban ga wanda ya yi wa ruwa ba
ruwan ya tafi ba tare da ya tona shi ba,
ko da kuwa sai ya kai Gogau zai yi faɗawa.

Kwalba ɗaya nake cikawa, in toshe, in rubuta:
wuri kaza, Talata, shida da kwata.
In kwantar da ita cikin ƙanƙara
kamar dukiyar marayu,
ɗan adaidaita ya ɗauke mu
yana tsaki, yana tuƙi, yana tofarwa.

Malama Sahura ke karanta wasiƙar.
Siririya ce, ga tabarau, ba ta son surutu.
Ta taɓa ba ni madubinta na leƙa,
ban ga komai ba sai ɗigo-ɗigo
kamar gero ya zube a faranti.
Ta ce, “Barau, waɗannan da ka raina,
mako biyu suke riga kuka isowa.”

Bara da marka ta rubuta shafi huɗu,
ta ja jan layi ƙarƙashin unguwa uku.
Takardar ta hau bene, ta sauko,
ta shiga fayil, fayil ya shiga durowa.
Aka ce mai sa hannu ya tafi taro,
aka ce kasafin bai fito ba,
aka ce a kafa kwamiti ya duba.
Ita ƙwayar cuta ba ta san Asabar ba,
ba a ce mata je ki ki dawo,
tana rijiya, tana randa, tana yaɗuwa.

Ilu mai garuwa, abokin darata,
shi ya fara kai ’yarsa Asibitin Zana
cikin kurar da yake tura jarkoki.
Uwale, shekara shida, mai giɓi.
Leda bakwai aka ƙara mata, ta tashi.
Na gadon kusa da ita bai tashi ba.
Har yau ban san sunansa ba,
sahu kawai na bi, na yi kabbara huɗu,
na ɗebi ƙasa da hannun nan na zuba,
hannun da ya ɗebo labarin tun da wuri,
ba a samu mai saurarawa ba, sai mai binnewa.

Sai ga motoci, sai ga ’yan jarida,
sai ga maganin rijiya buhu-buhu,
sai ga alkawarin famfo har ƙofar gida.
Ihu bayan hari ma ihu ne, mun gode.
Famfon dai har yanzu tari yake,
iska yake fitarwa.

Ba fushi nake ba.
Alawus ɗina na wata uku yana hanya, in ji su.
Sahura ta sami gurbi a ƙetare, ta ƙi,
ta ce to wa zai riƙa karantawa?

Ranka ya daɗe, mai kujerar saman bene,
ba na ce ka sauko Jakara ba,
warin na ɗauke maka, nawa ne.
Jawo durowar kawai.
Shafi huɗu ne,
kafin shayinka ya huce ka gama dubawa.