Gidan da Ya Tsaya a Kan Tsini Guda

A Rotterdam nake dillancin gidaje,
shekara goma sha tara ina yawo da makullan mutane.
Na sayar da bene, na sayar da ɗakin da bai fi kabari ba,
amma ranar Talatar nan tef ɗin awona ya ji kunya.

Gidan Evert Brandsma ne, gab da tashar Blaak,
rawaya, mai fuska shida,
kamar ɗan ludo da aka jefa sama
ya sauko ya ƙi kwanciya,
ya kafe a kan tsini guda, ginshiƙi na tallafe da shi.
Na hau matakala ina haki,
na miƙe, bango ya gaishe ni a goshi.

Tsohon ya yi dariya.
Shekara talatin ya koyar da lissafi,
yanzu gwiwa ta ce masa ta gaji da hawa.
Na ce, "Mita ɗari a takarda,
amma kashi ɗaya cikin huɗu na banza ne,
kabad ba ya jingina, hoto ba ya ratayuwa."
Ya ce, "Marijke, ke ƙasa kike aunawa.
Tsawo sau faɗi, nan kika tsaya.
Ƙara sau tsayi, ki ga abin da na shaƙa
tun ina da baƙin gashi."

Na ce iska ba ta shiga farashi.
Ya ce shi ya sa masu saye ke mutuwa da ƙuncin ƙirji.

A bakin taga mai kallon titi ta ƙasa,
inda kekuna ke wucewa ƙarƙashin ƙafarka,
na ga abin wasan nan na murɗawa,
mai launi shida, ya sha ƙura.
Fuskar shuɗi kaɗai ta haɗu,
sauran kamar kasuwa ta watse.
Na kai hannu don in kawar kafin mai hoto ya iso.
Ya riƙe mini wuyan hannu.

"Minti biyu ya ishe ni in warware shi.
Aaltje ce ta yi masa murɗawar ƙarshe,
da yamma, shayi na hucewa a gefenta.
In na gyara, na goge tafinta."

Ya ɗaga shi a haske.
"Uku sau uku sau uku, nawa?"
Na ce ashirin da bakwai.
"Ƙirga."
Na ƙirga har sau biyu, ashirin da shida.
"Na tsakiya ba a ganinsa," in ji shi,
"ba shi da launi, ba ya zuwa ko'ina,
kuma a kansa kowa ke juyi.
Cire shi ki ga yadda gida ke zubewa a tafin hannu."

Ranar Asabar masu saye suka zo,
Sharda da mijinta Winston, da ciki wata bakwai.
Shi yana ƙwanƙwasa bango yana neman ragi,
yana tambayar inda gadon jariri zai tsaya.
Ita ta hau can ƙololuwa,
ɗakin da tagogi uku suka haɗa kai,
ta yi shiru har na fara lissafin la'adata da ta tafi.
Sai muka ji muryarta daga sama:
"Winston, zo ka ga, ruwan sama yana gudu a karkace."

Suka taya, tsohon ya sallama,
ƙasa da abin da na so, bai ko dube ni ba.

Ranar tashi kujerunsa suka ƙi sabon ɗaki,
don an yanka su ne daidai da bango mai kwanciya.
Ya bar musu duka.
Abu ɗaya ya sa a aljihun kwat,
ya dafe shi da hannu har ƙasan matakala,
kada wata fuska ta motsa a hanya.

Ni kuwa na koma ofis na buɗe fayil.
Gurbin mita na nan, gurbin farashi na nan.
Na daɗe ina neman inda ake rubuta
na ashirin da bakwai.