Layin Ficewa

Tara saura kwata na kashe injin tasi
a gindin gadar Yeongdo, gefen masu gasa kifi.
Waya jingine da sitiyari, kofi yana hucewa,
ni da allo muna kallon juna, muna jiran buɗewa.

A nan Busan ja shi ne hawa, shuɗi kuwa gangara.
Tururuwa ake ce mana, mu masu jarin ƙwara-ƙwara:
muna jan tsaba zuwa rami,
manya na wucewa da takalmi.

Wata shida ina haddar kyandir, dare da rana.
Mai dogon lagwani ta ƙasa, wai masu saye sun farka.
Mai guntun jiki, kasuwa na shakka.
In farashi ya ƙwanƙwasa rufi sau uku, na huɗu sai ya ɓalle.
Na ja layin kwana biyar, na ja na ashirin,
ranar da ƙaramin ya haye babban
na kwashi abin da Mal-sun ta tara don gyaran haƙori
na zuba a kamfanin da ke ƙera batir.

A bayan rasit na rubuta da hannuna:
"Gwang-su, in ya taɓa dubu arba'in da biyu, fita."
Tara da rabi ya taɓa.
Na ce ai taɓawa ba shiga ba ce.
Na soke, na sa arba'in da ɗaya.
Goma saura ya huda wannan ma, kamar allura a tsumma.
Na sake cire murfin biro.
Wanda ya ture katangarsa da kansa, wa zai kai ƙara?

Sai aka ƙwanƙwasa gilashi.
Tsohuwa ce, gashi jiƙe, raga a kafaɗa,
cikin matan nan masu nitso ba tukunyar iska.
"Asibitin kunne," ta ce, "kuma ban da gudu."
Ta zauna gaba, ta leƙa allo, shuɗi har ƙasa.
"Ruwa ne?"
"Kusan haka, Iya. Ina ciki."
"Tun yaushe?"
"Zai taso. Alamu duk sun nuna."

Ta yi dariyar da ta ƙare da tari.
"Shekara hamsin da ɗaya ina shiga teku.
Kawar da ta fi girma kullum tana can gaba kaɗan,
kamu ɗaya daga inda numfashi ya ƙare.
Mu bakwai muka fara.
Ok-bun ta fi ni ido, ta fi ni faɗin ƙirji,
ta hango wata kamar faranti, ta ce bari ta ɗan ƙara.
Ni tun ina sama nake yanke inda zan juyo,
don a ƙasa, ɗana, kwaɗayi ke riƙe da kanka."

Fitila ta yi ja a mararraba,
jan farko da na gani tun safe.
Na danna. Na sayar.
Won dubu ɗari shida da tamanin suka bi ruwa,
haƙori guda na Mal-sun, in ana lissafin gaskiya.

Ba zan ɓoye ba: ƙarfe biyu ya juyo.
Kafin a rufe ya haura inda na saya,
jan kyandir, zanƙalele, yana yi mini gwalo.
Na zagi allo, na zagi batir,
na zagi tsohuwa da kunnenta,
sannan na ɗauki ɗalibai uku zuwa tasha,
na ba su canji daidai.

Da dare na shimfiɗa rasit ɗin gaban Mal-sun,
lamba uku, biyu a soke.
Ta daɗe tana dubawa, tana tauna da gefe ɗaya.
"Wacce ka rubuta kana cikin hankalinka?"
Na nuna ta farko.
"To ita za ka bi. Kuma da kuɗinka."
Ta turo mini kwanon miya.
Na ja numfashi mai tsawo, har ƙirji ya yi zafi,
na kife wayar a kan tebur,
na ɗauki cokali.