Ƙarfen da Bai Yi Sahu Ba

Shekara arba'in ina gaban zugazugi a Jega,
guduma a hannu, uwar maƙera a gabana,
na ɗauka ƙarfe ya gama faɗa mini sirrinsa.
Sai ga Luba, ɗiyata, ta dawo daga Aliero
da hoto a waya, toka-toka,
kamar turmi a duhun asuba.

Ta ce, Baba, ƙarfen garmarka
ƙwayoyin cikinsa sahu suke yi,
kafaɗa da kafaɗa, kamar sallar Juma'a.
Wannan kuwa narka shi aka yi, aka sanyaya farat ɗaya
kafin kowa ya sami wurin tsayuwa.
Ya daskare kamar kasuwa tana tsakiyar ci,
mai albasa, mai kifi, ɗan dako da buhu a ka,
kowa inda ƙafarsa ta tsaya.
Gilashin ƙarfe ake ce masa.

Na ce, to ai fashewa zai yi.

Ta ce, babban, haka ne.
Danna shi, ya yi gum,
ba ya lanƙwasa, ba ya kuka,
har nauyin ya taru a layi guda, siriri, a karkace.
Nan zai zame, ya rabu biyu. Shi ke nan.

Amma yanko ɗan mitsitsi,
wanda ɗari a jere ba su kai kaurin gashin gemunka ba,
ka sa masa tsinin lu'ulu'u, ka danna a hankali.
Tsaga ba ta samun filin gudu.
Sai ya gajarce, ya yi tumbi,
kamar curin fura a tafin hannu,
kowane lungu ya karɓi rabonsa na nauyi.

Na yi shiru har gawayi ya yi fari.

Na tuna daminar da uwarta ta rasu.
Ni ƙato, ban yi hawaye ba a maƙabarta,
na dawo na hura wuta, na ƙera lauje goma sha biyu.
Ranar arba'in na tsage, wuri guda,
wata uku ban ɗaga guduma ba.
Ita kuwa, 'yar shekara shida,
kullum ta yi kukanta kaɗan, ta share,
ta kawo mini kunu a maƙera.

Ban faɗa mata ba.
Na ce, ƙara nuna mini turmin nan,
na goge hannu a riga kafin in karɓi wayar.