Tauraron Taya a Naryn

Tarakta na ruri, famfo ya yi gum,
cokalin ɗaukar ciyawa ya kwanta ƙasa.
Toktosun ya kwance noti huɗu:
robar mahaɗi ta zama gari,
haƙoran ƙarfe sun ci juna.

Sabuwa sai Bishkek, kwana biyu.
Dusar ƙanƙara ta sauko rabin dutse.

Jikarsa Nurzat ta mirgino tsohuwar taya.
Ya yanko tauraro mai ƙafa shida,
ya daidaita sanda da sanda
da bakin wuƙa, ido ɗaya rufe:
karkatar da ba ta fi gashi ba
ita ta cinye ta farko.

Ya tayar. Tiyo ya miƙe kamar jijiya,
cokali ya ɗaga yana makyarkyata.
Shayinsa ya huce tuni.
Haka ya kurɓe, baƙin mai a yatsu.